Ina Gabas Take a Cikin Fayil?

Malaminku na cibiyar koyon kwamfuta ya ce in zo in yi muku magana a kan sana'ata. Na ce masa muryata ba ta kai bayan aji, gara in rubuta ya karanta muku. To ga shi na rubuta, da hannun da bai riƙe alƙalami ba sai da ya yaye 'ya'ya uku. In kun ga wani wuri ya karkace, ku yi haƙuri da Inna Kulu.

Ranar da na leƙo ajinku na ga wata ɗiya ta buɗe gini a kwamfuta tana jujjuya shi, ta kifar da shi ta tayar, 'yan'uwanta suna dariya. Na ji ta ce, "Wai wanga na aikin da Inna ka yi a ofis? Ai ko ƙanena ya iya." Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Juyawar kowa ya iya, ni ma a yini ɗaya na koye ta. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne sanin abin da nake kallo.

Da tsintsiya na fara. Akwai wani ɗan ƙaramin ofishin 'yan kwangilar gini a nan Bodinga, mai shi Injiniya Umaru, shi ya ɗauke ni shara. Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, maigidana yana fadama wajen albasa. A ofishin akwai takardun zanen gini a naɗe kamar tabarmi, sun cika kusurwa. In ina gyara su sai in riƙa haɗa baƙaƙen da ke jikinsu don in gwada karatuna. Wata rana Injiniya ya birkice ofis yana neman zanen wani masallaci. Na ce masa, "Ga shi can, na uku daga ƙasa." Ya dube ni, ya dubi takardar. Daga ranar ajiyar zane ta dawo hannuna.

Ana nan sai masu zanen da ke birane suka daina aiko takarda. Fayil suke aikowa, gini sukutum a cikinsa, da bangonsa da ƙofofinsa da bututun da ke ƙarƙashin daɓe. Shi Injiniya wuni yake a wurin aiki, yau Sifawa, gobe Shagari, ga kwamfutar ba ta son rana da ƙurar siminti. Sai ya zaunar da ni ya nuna mini manhajar da ake buɗe irin fayil ɗin. Ya ce, "Inna, kada ki ji tsoro, wagga ba ta ɓata komi. Kallo kawai taka yi, ko kin so ki canza bulo ɗaya ba ki iyawa." Wannan maganar ita ta sa na yarda na taɓa.

Kun san yadda take. Gini a tsakiya. A hagu jerin sunaye mai rassa, ni icce nake ce masa: fili a can sama, ƙarƙashinsa gini, ƙarƙashinsa bene ko ƙasa, sannan bango, ƙofa, taga, har kan famfo. In ka taɓa abu, sai bayaninsa ya fito a dama, faɗinsa, tsawonsa, da me za a yi shi. Kana iya ɗage rufi ka leƙa, kana iya yanka gini biyu kamar kabewa ka ga cikinsa, kana iya ɓoye komai ka bar tagogi kaɗai suna reto a sama. Duka da Turanci yake. Ni kuwa Turancina bai wuce gaisuwa ba. Sai na sayi littafi, duk kalmar da na gani in kwafe ta in rubuta Hausarta a gefe. Har yau littafin yana jakata, ya sha man gyaɗa da hannun jikoki.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfutar da batirinta ba ya kai azahar in babu hasken rana a farantin sola, da ɗan linzamin da ake tura kibiya da shi, da tabarau, da littafin nan, da waya. Sai tef na awo, wanda ba ku da shi a ajinku, kuma ya kamata ku samu. Fayil da milimita yake magana, magini kuwa da ƙafa da bulo. In na ce wa magini taga tana farawa a ɗari tara, sai ya ce, "Ɗari tara na mi?" In na ce layi huɗu na bulo, ya gane, ya kashe waya. Sai da na bi bangon ofis da tef ina aunawa, har idona ya san ɗari tara, ya san dubu biyu da ɗari ɗaya na tsayin ƙofa.

Aikin farko da na ji na zama mai sana'a na wani mai walda ne a Sifawa. An ba shi tagogin wani ofishi, ya kira ni yana sauri, injin yana ƙara a bayansa. "Inna, duka iri ɗaya na, ko? In yanka?" A ido kam iri ɗaya ne. Na ce ya ba ni minti biyar. Na ɓoye komai na bar tagogin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa. Biyu na bayan ginin sun gaza sauran da faɗin tafin hannu, saboda ginshiƙi ya matse su. Da ya yanka, da ƙarfe ya tafi a banza. Tun daga nan ya riƙa ce mini Inna mai gani har hanji, ya kuma baza ni a wajen kafintoci da masu famfo. Wayata ta koma ba ta hutawa. Na fara jin cewa duk abin da ke cikin fayil na san shi. A nan na yi tuntuɓe.

Aikin wata makarantar 'yan mata ne, a wani ƙauye bayan Danchadi. Azuzuwa huɗu, da jerin makewayi shida a gefe. Babban magininmu shi ne Baba Altine, dattijo ne da ya fara da ginin ƙasa tun kafin a haife ni, ba ya son waya, ba ya son kwamfuta, amma ya zo ya yarda da ni. Kafin a haƙa tushe ya tako har ofis, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, don ƙafarsa da laka.

Ya ce, "Kulu, duba min makewayin nan. In mutum ya tsugunna, ina ya fuskanta?"

Kun san dalilin tambayar. A wurinmu ba a son mai biyan buƙata ya fuskanci alƙibla, ba a son ya ba ta baya. Kudu ko arewa ake juya tangaran ɗin tsugunno. Na ɗage rufi, na leƙa ta sama. Duka shidan sun fuskanci saman allon kwamfuta. A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai taswira a bango, malamarmu ta sha nanata mana cewa a takarda arewa kullum tana sama. Ban ko yi shakka ba.

Na ce, "Arewa, Baba. Lafiya lau suke."

Ya ce, "To, madalla," ya juya.

Abin da ban sani ba shi ne, mai zane yakan daidaita gini da allonsa don layuka su miƙe masa, ya ji daɗin aiki. Saman allo ba arewar Allah ba ce, arewar mai zane ce. A ƙasa kuwa ginin hanyar mota ya bi, ya juyo kusan kwata guda. Abin da na kira arewa, gabas ne.

An zuba daɓe da ramukansa, an ja bango, kowane ɗaki siriri, faɗinsa ƙafa uku, ba wurin juya tangaran. Masu famfo baƙi ne, suka bi zane suka dasa, suka tafi. Aka buɗe makaranta.

Bayan 'yan makonni shugabar makarantar ta zo ofis. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna ta gaishe ni, ta ce, "Inna, ɗiyan nan ba su shiga makewayin. Uwayensu sun hana. Suna riƙewa har a tashi, wasu in sun tafi gida hutun tara ba su dawowa. Jiya wata ƙarama ta jiƙe a aji, yau ba ta zo ba." Ta ce sun kai maganar ga limamin garin, ya ce a cikin gini mai bango malamai sun yi sauƙi, babu laifi. An faɗa wa iyaye. Suka ce sun ji, Allah shi saka wa Malam, amma ɗiyansu ba su shiga. Abin da kaka ta hana uwa, uwa ta hana ɗiya, ba ya fita da sanarwa ɗaya.

Da na haɗu da Baba Altine ban san ta inda zan fara ba. Shi ya fara. Ya ce, "Da bango ya kai ƙirji na ga abin bai yi min ba. Na dubi rana, na dubi masallaci. Sai nac ce, Kulu ta ga cikin abin da ban gani ba, wataƙila a kaikaice za a dasa su." Dattijon da ya fi shekara hamsin yana gini ya ƙaryata idonsa saboda maganata. Ku riƙe wannan, 'ya'yana. In kana zaune gaban kwamfuta, mutane suna ɗauka ka fi su gani, kuma ba kullum ba ne.

A ƙarshe sai da aka rushe bangayen tsakiya, shida suka koma uku, aka fasa daɓe aka juya su. Wannan ita ce mummunar shekarata. Wayata ta yi shiru. Kafintoci suka koma cewa a buga musu takarda. Mai waldan Sifawa in ya gan ni a kasuwa yakan gaishe ni da kyau, amma sunan nan ya daina kira. Injiniya bai kore ni ba, ya ce laifin har da shi da bai duba ba. Amma watanni na yi tsintsiya ta fi linzami aiki a hannuna.

Da yake ba mai kira, sai na samu lokaci. Na koma kan fayil ɗin makarantar, na ce sai na ga inda ya ɓoye mini gaskiya. Na bi iccen nan reshe reshe. Ashe bai ɓoye komai ba. A can ƙololuwa, sama da gini, inda ban taɓa dannawa ba don babu ƙofa babu taga a wurin, akwai layi ɗaya da ya faɗi inda arewa ta gaskiya take, da yawan karkatar ginin daga gare ta. Akwai ma maɓallin da in ka danna, kibiyar arewa take fitowa a kusurwa. Yana nan tun ranar farko. Na rubuta kalmar a littafina, na ja mata layi biyu.

Aikin ɗakin haihuwa na wani ƙauye kusa da Lambara ya zo ne ana dab da damina. Ƙaramin asibiti ne, ɗakin awo, ɗakin naƙuda, ɗakin hutawa, da makewayi biyu a jikin ɗakin naƙudar. Matan wurin sun daɗe suna shan hanya zuwa Shagari a kan babur da ciki wata tara. Ba wanda ya ce in duba fayil ɗin. Ajiye shi kawai aka ce in yi. Na buɗe, na tafi kai tsaye ƙololuwar icce, na kunna kibiya, na ɗage rufi. Tangaran biyun sun dubi gabas, sun ɗan karkata arewa, daidai inda muke duba in mun kabbara.

Na sake dubawa sau uku. Na tuna 'yan makaranta suna iya riƙewa har su je gida. Mai naƙuda fa? Wadda ta haihu jiya fa? In tsofaffin garin suka leƙa suka ce a'a, to ba makewayi kaɗai za a ƙaurace wa ba, ɗakin ne gaba ɗaya.

Na gaya wa Injiniya. Ya ce, "Inna, kin tabbata? An riga an kafa turaku, gobe za a fara haƙa. In ruwan shuka ya sauka, leburorin nan duk gona za su, ba mu ƙara ganinsu sai kaka." Na ce ya tafi da ni. Shekarata nawa a ofishin, ban taɓa zuwa wurin aiki ba sai ranar.

Washegari mun isa da hantsi. Fili ne fetal, an ja igiyoyi a kan turaku, kowane ɗaki da shatinsa. Leburori suna zaune a inuwar dogonyaro da diga da shebur. Mai garin ya zo ganin fara aiki, an shimfiɗa masa darduma. Na durƙusa na gaishe shi, "Allah shi ba ka nasara." Baba Altine ya gan ni da jakar kwamfuta, ya ce, "Kulu, lahiya? Yau ofis ya biyo mu daji?"

Na faɗa masa abin da na gani. Ya gyara hularsa, ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Wancan karon ma kin ce kin duba."

Na ce, "Haka ne, Baba. Shi ya sa yau ban ce ka yarda da ni ba. Taho ka gani da idonka."

Na tsallaka igiya na shiga shatin makewayin farko. Na ajiye kwamfutar a ƙasa a kan gyalena, na juya ta har bangon da ke allo ya yi daidai da igiyar da ke ƙasa, ƙofar gini ta dubi hanya kamar yadda turaku suka nuna. Na lulluɓe mu da mayafi ni da allon saboda rana, na nuna masa tangaran da inda ya sa gaba. Sannan na roƙi mai gari ya sa wani ya nuna mana yadda sahun masallacinsu yake. Wani dattijo ya tashi ya miƙa sandarsa. Sandar da tangaran hanya ɗaya suka nuna.

Baba Altine ya dubi sandar, ya dubi allon. Ya tattare rigarsa, ya shiga tsakanin igiyoyin, ya tsugunna yadda allon ya nuna. Leburori suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, a kawo buta?" Ya ce, "Kawo, in wanke maka baki da ita." Ya ɗaga kai ya dubi inda ya fuskanta, ya daɗe yana kallo. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce wa leburori, "Kowa shi aje diga."

Injiniya ya ce to an gani, amma ɗakin siriri ne kamar na makaranta, ina za a juya? Wannan na riga na auna tun a ofis. A jikin makewayin akwai ɗan ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti, faɗinsa ya fi abin da tsintsiya take buƙata, ni shaida ce. In aka matsar da bango ɗaya da tsawon bulo guda, na tsakiya ya bi shi da rabi, duka biyun za su juya kudu, kuma bututun ƙazanta ta wannan gefen yake bi dama. Na nuna masa da ma'aunin manhajar. Amma ni ba mai zane ba ce, kuma manhajata ba ta gyara komai. Sai mai zanen ta yarda.

Injiniya ya kira ta a waya, wata matashiya ce a wani birni mai nisa. Ya yi mata bayani da Turanci, ya miƙo mini, ashe tana jin Hausa kaɗan. Ta ce, "Mama, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan. Na gode." Ta ce a ba ta kwana biyu.

Kwana biyun nan hadari yana haɗuwa a gabas kullum da yamma. Baba Altine ya sa leburori suka haƙa ɗaya gefen ginin, ya hana a taɓa na makewayi. Ran na uku sabon fayil ya iso. Na buɗe, na duba ƙololuwa, na duba kibiya, na duba tangaran. Baba da kansa ya kira ni, shi da ba ya son waya.

"Kulu, ina sunka fuskanta?"

Na ce, "A allo kudu, Baba. Amma kada ka haƙa sai na taho mun aza shi a ƙasa."

Ya yi dariya, ya ce, "Yanzu kin zama maginiya."

An zuba tushe ana saura kwana biyu ruwan shuka ya sauka.

Tun daga nan ba na ba da amsar fuska daga kan kujera. Faɗi da tsawo ina faɗa a waya, amma gabas sai na je. Kuma duk fayil ɗin da ya zo, kafin in ɗage rufi, sai in shiga ta ƙofa a tsayin mutum, in bi shi ɗaki ɗaki kamar baƙuwar da ta zo da buta a hannu. Ta sama injiniya yake kallo. Masu shiga ginin ta ƙasa suke zuwa.

Bara ɗiyata ta biyu, wadda ke aure a wajen Lambara, ta haihu a ɗakin nan. Na je zaman jinya. Ina zaune a benci da jaririn a cinyata, sai ga wata tsohuwa ta rako jikarta awo. Ta ɗauki buta ta nufi makewayi. Ta tura ƙofa, ta tsaya. Ta waiwayo ta dubi inda rana take, ta leƙa ta dubi tangaran, ta sake duban rana. Ni kuwa na daina jijjiga yaron.

Sai ta cire takalminta na fita, ta sa na roba, ta shiga da ƙafar hagu, ta ja ƙofa.

Ba ta san ni ba. Na ci gaba da jijjiga jikana.

To ke ɗiyata mai juya gini da ɗan yatsa, ban ce ki daina ba, hannunki ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Gobe in kin buɗe shi, ki kifar ki tayar yadda kike so. In ya tsaya, ki nuna mini gabas.